Ziyarar Birnin Sakkwato da Ƙaramin Guzuri



Mutanenmu na Bangi da Madawa da Buza da Keita sun san hanyar Sakkwato. Wani fatauci ke kai shi, wani jinya, wani biki ko gaisuwar mutuwa, wani kuwa cin rani. Amma in ka tambayi wanda ya komo mi ya gani a birnin, sau da yawa sai ya ce maka: "Tasha da kasuwa." In ka ce masa don mi, sai ya ce yawon ganin gari na masu kuɗɗi ne.

Wannan magana ba haka take ba. Manyan abubuwan da sunka sa Sakkwato ta yi suna, ba a biyan ko dala kafin a gan su. Ƙafa ake so, da sallama, da ido mai karatu. Duka ukun kana da su. Wanga darasi zai nuna maka inda za ka je, da abin da za ka gani, da yadda za ka tsare ɗan guzurinka har ka komo gida.

Wane irin gari ne Sakkwato?

Sakkwato ba ta kai Kano ko Katsina tsufa ba. Muhammadu Bello, ɗan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, shi ya gina birnin a shekarar 1809. Ya zaɓi tudu kusa da inda gulbin Rima da gulbin Sakkwato ke haɗuwa.

An haifi Shehu a shekarar 1754. Ya girma a Degel, yana karatu yana karantarwa. Da zama ya ɓaci tsakaninsa da Sarkin Gobir Yunfa, sai ya yi hijira zuwa Gudu a shekarar 1804. A wannan shekara anka gwabza yaƙin Tabkin Kwatto. A shekarar 1808 anka ci Alƙalawa, babban birnin Gobir, Yunfa ya rasu a can. Shehu ya zauna Sifawa, sa'an nan ya komo Sakkwato a shekarar 1815. A nan ya rasu a shekarar 1817.

Ka riƙe waɗannan shekaru, ko ka rubuta su a bayan littafinka. Mai ziyara wanda bai san labari ba, bango kawai yake gani. Wanda ya san labari, kowane bango yana da abin gaya masa.

Kafin ka tashi

Abu na farko, ka tambayi lafiyar hanya. Daga Bangi ƙasar Sabon Birni ta fi kusa. Amma tun wajen shekarar 2019 ƴan bindiga sun addabi ƙasar Sabon Birni da Isa. Kai da kanka ka ga ƴan'uwanmu da sunka gudo sunka sauka a garuruwanmu. Don haka kada araha ta ja ka zuwa hanyar daji. Ka bi babbar hanya: Madawa, Galmi, Malbaza, Ƙonni, Illela, Sakkwato. Daga Madawa zuwa Ƙonni kusan kilomita 90 ne. Daga Ƙonni zuwa Sakkwato ma kusan haka. Ka yi tafiyarka da rana. Ka tambayi direbobin tasha kafin ka biya kuɗɗin mota, su ke bin hanyar kullum.

Abu na biyu, takardu. Ka ɗauki katin ɗan ƙasa da katin rigakafi. Sha'anin iyaka yana canzawa. An rufe ta a shekarar 2019, an buɗe a ƙarshen 2020. An kuma rufe ta a shekarar 2023, an buɗe a 2024. A watan Janairu na 2025 Nijar ta fita daga ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma. Saboda haka ka tambayi abin da ake nema yanzu kafin ka bar gida. Mai takarda cikakka ya fi samun sauƙin wucewa, aljihunsa ma ya fi hutawa.

Abu na uku, canjin kuɗɗi. A nan akwai tarko. A wurinmu in an ce "ɗari", dala ɗari ake nufi, wato tamma 500. A Najeriya in an ce "ɗari", naira 100 ce daidai, babu ninkawa. Kada ka yi ciniki da lissafin dala a can, sai ka ruɗe. Akwai ƴan canji a Ƙonni da Illela. Ka tambayi mutum biyu ko uku farashin ranar. Ka ƙirga kuɗɗinka a gaban mai canji, ka karanta lambar da ke bisa kowace takarda.

Takardar naira ma darasi ce. Ka dubi ta naira 200. Hoton da ke kanta na Ahmadu Bello ne, Sardaunan Sakkwato, jinin Shehu, wanda ya shugabanci gwamnatin Arewacin Najeriya har anka kashe shi a shekarar 1966. A jikin takardar akwai Hausa da rubutun ajami. In ka yi karatun allo, gwada ka karanta.

Abu na huɗu, lokaci. Daga watan Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato yana wuce awo 40. Mai yawo da ƙafa ya fi jin daɗi da sanyin hunturu, bayan an kai amfanin gona gida.

Hanyar ma makaranta ce

Kuɗɗin mota ka riga ka biya. To, kada ka yi barci, ka ci ribarsu da ido.

Tarihin Sakkwato a ƙasarmu ya soma. Babban malamin Shehu shi ne Malam Jibrilu ɗan Umaru. Ya zauna a ƙasar Adar, kuma a ƙasar Madawa anka rufe shi. In kun iso Galmi, garin albasar da ta yi suna a Afirka ta Yamma, ka sani kana kusa da Maratta. A Maratta anka haifi Shehu. Ke nan in ka je Sakkwato, ka bi sawun labarin da ya tashi daga ƙofar gidanka.

In kun tsaya a iyaka tsakanin Ƙonni da Illela, ka tuna wannan iyaka ba ta daɗe ba. A shekarar 1898 Faransa da Ingila sunka zauna a Turai, sunka zana da'ira bisa taswira. Tsakiyarta Sakkwato, nisanta mil 100, wato kilomita 160. Duk abin da ke cikin da'irar na Ingila ne. Da wannan shiri ya tabbata, da Ƙonni da Madawa da Bangi suna cikin Najeriya yau. Amma Faransawa sun ga hanyar da anka bar musu zuwa Damagaram ba ta da rijiyoyi. Sai anka sake shiri a shekarar 1904 da 1906, anka matsa iyakar kudu. Shi ya sa za ka tarar da harshe ɗaya, abinci ɗaya, dangi ɗaya a kowane gefe.

Bayan Gwadabawa da Kware za ku gangara fadamar Rima. In kai manomi ne, buɗe ido da kyau. Ka dubi shinkafa da albasa da tattasai. Ka dubi yadda suke yanka fangali da yadda suke ban ruwa, ka gwada da namu na kwarin Tarka.

Masauki da abinci

Masauki shi ya fi cin kuɗɗin baƙo. Tun kana gida ka nemi sunan wani ɗan garinku ko danginku da ke zaune can. Ka rubuta sunansa da sunan shiyarsa da lambar wayarsa a takarda, kada ka dogara da waya kaɗai, caji yana ƙarewa. Ka sanar da shi kafin ka taso. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take.

Kada ka je hannu sake. Ƴar albasa ko ɗan wake ko kuɓewa busassa ta isa tsaraba. Kada kuma ka daɗe. Kwana biyu ko uku sun isa ganin gari, kuma ba su gajiyar da mai gida.

Saukar baƙi tsohuwar al'ada ce a birnin. A shekarar 1824 wani Bature ɗan Birtaniya mai suna Kilafaton ya zo Sakkwato. Sarkin Musulmi Bello ya karɓe shi, Waziri Giɗaɗo ya kula da masaukinsa. Ya sake komowa, ya rasu a can a shekarar 1827.

Wajen abinci, ka taho da guzurinka: ƙuli-ƙuli, garin rogo, dabino, da gorar ruwa. Da safe koko da ƙosai ko masa. Da rana fura da nono. Ka ci inda ƴan gari ke ci, can cikin shiya, abincin bakin tasha ya fi tsada. Ka kula da tsabtar ruwan da kake sha. Kuɗɗin da ka tsimi a abinci, kada zawo ya kai su kantin magani.

Hubbaren Shehu

Ka soma da Hubbare. Yana cikin tsohon gari, ba nisa da fada. Kowane yaro ya san wurin. Nan ne gidan da Shehu ya zauna, nan kuma anka rufe shi. Akwai kaburburan iyalansa da na wasu sarakunan Musulmi a ciki. Mutane suna zuwa daga Najeriya da Nijar da wasu ƙasashe.

Ba a yankar tikiti a ƙofar Hubbare. Za ka tarar da masu kula da wurin da masu neman sadaka. Ka ware abin da za ka iya bayarwa tun daga masauki, ka sa shi a aljihu dabam. In ya ƙare, ka ce "Allah ya ba mu", ka wuce. Babu kunya a cikin wannan.

Ka tuɓe takalmi inda anka ce a tuɓe. Ka rage murya. Ka bi inda masu kula da wurin sunka nuna maka. Ka yi wa mamata addu'a. Sa'an nan ka tsaya ka dubi wurin da kyau. Mutumin da ke kwance nan malami ne. Da karantarwa ya soma, kuma ya bar littattafai da waƙoƙi masu yawa da Larabci da Fulatanci. Ƙanensa Abdullahi na Gwandu da ɗansa Bello su ma marubuta ne.

Nana Asma'u

Ƴar'uwa, wanga sashe naki ne, ko da yake maza ma su ji.

Kusa da kabarin Shehu akwai na ɗiyarsa Nana Asma'u. An haife ta a shekarar 1793, ta rasu a 1864. Matar Waziri Giɗaɗo ce. Ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa.

Nana ta ga matan ƙauye ba su iya barin gidajensu su zauna makaranta. Sai ta yi dabara. Ta zaɓi dattijan mata masu hankali, ana ce wa kowace jaji. Ta kan ba jaji malfa, alamar shugabanci. Jaji ta kan taho da ayarin mata daga ƙauyensu zuwa wurin Nana. Su koyi karatu cikin waƙa, don waƙa ta fi saurin zama a kai. Sa'an nan su koma su koya wa waɗanda sunka rage a gida. Sunan waɗannan mata ƴan taru.

Kin gani ke nan, karatun manya ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun kafin zuwan Turawa mata masu jikoki ke tafiya da ƙafa neman ilimi. In wani ya ce miki kin tsufa da riƙon alli, ki ba shi labarin ƴan taru. In Allah ya kai ki Hubbare, ki tambayi inda Nana take.

Fada da masallatai

Daga Hubbare ka taka zuwa ƙofar fadar Sarkin Musulmi. Shiyar ana ce mata Kanwuri. Tsayawa a filin ƙofar fada kyauta ne. Za ka ga dogarai da kayansu masu launi, da hakimai da manyan rawuna suna shiga gaisuwa. Kada ka kutsa ciki. In kana son ganin wani abu, ka yi wa dogari sallama ka tambaye shi.

Sarkin Musulmi na yanzu shi ne Alhaji Muhammadu Sa'ad Abubakar, ya hau a shekarar 2006. Mahaifinsa, Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, ya yi shekara 50 bisa gado, daga 1938 zuwa 1988. Daga wannan fada ake ba da sanarwar ganin watan azumi da na salla ga Musulmin Najeriya.

Manyan masallatan tarihi biyu ne: Masallacin Shehu da Masallacin Bello. Da ƙasa anka gina su tun farko, daga baya anka sake su da siminti. In kana da iko, ka shirya tafiyarka ta haɗa da Juma'a. Ka je da wuri ka sami inuwa. Ranar nan za ka ga birnin ya taru wuri guda. Ka riƙe takalminka kusa, ka lura da aljihunka, don taro ba ya rasa ɓata-gari.

Ƙofofin gari da Giginya

Da can birnin yana da ganuwa da ƙofofi takwas. Ganuwar ta zube, gari ya bazu ya wuce ta, amma sunayen ƙofofin suna nan. Akwai Ƙofar Kware, da Ƙofar Rini, da Ƙofar Marke, da Ƙofar Kade, da Ƙofar Taramniya, da Ƙofar Dundaye, da Ƙofar Atiku, da Ƙofar Aliyu Jeɗo. Wasu sun ci sunan garin da hanyarsu ta nufa, kamar Kware da Dundaye. Wasu sun ci sunan mutum. Atiku ɗan Shehu ne, shi ya gaji Bello. Aliyu Jeɗo kuwa shugaban mayaƙan Shehu ne.

Ga wani aiki da za ka ba kanka. Ka riƙe ƙaramin littafi da alƙalami. Duk inda ka ga allo mai sunan ƙofa ko shiya ko titi, ka tsaya ka karanta, ka rubuta. Da yawa an rubuta su da Turancin Ingila, amma sunan na Hausa ne, za ka gane shi. Wannan littafi zai hana ka ɓata. Kuma shi ne tsarabar da za ka kawo wa ƴan ajinku.

Za ka riƙa ganin sunan Giginya a filin wasa da barikin soja da wasu wurare. Ga dalili. A ranar 15 ga Maris 1903 sojojin Ingila sunka iso bayan gari. Anka yi yaƙi a wurin da ake kira Giginya. Bindigogin Turawa sun fi ƙarfin dawaki da masu. Sarkin Musulmi Attahiru ya nufi gabas da jama'a mai yawa, ya rasu a yaƙin Burmi a watan Yuli na wannan shekara. Sunan itacen ya zama abin tunawa da ranar.

Masu sana'a da kasuwa

Kallon mai sana'a ba a biya. Ka tambayi shiyar Maƙera Asada, inda maƙera suke. Ka dubi hauya da lauje da gatarin da suke ƙerawa, ka gwada da irin namu. Ka tambayi shiyar Maɗunka, wurin masu aikin fata. Za ka ga ana ɗinka titimi da jaka da takalma da kube.

Fatar nan tana da labari. Jar akuyar Sakkwato, ƴar'uwar jar akuyar Maraɗi, fatarta tana da laushi da ƙarfi. Shekaru aru-aru fatake suna ɗaukar ta bisa raƙuma, su ƙetare Sahara zuwa Arewacin Afirka. Daga can ta shiga Turai, ana rufe littattafai masu tsada da ita. Turawa sun ce mata fatar Maroko, alhali da yawanta daga ƙasar Hausa ta fito. In kana kiwon akuya, ka tambayi majemi abin da ke ɓata fata. Zai nuna maka tabon wuƙa wajen fiɗa, da tabon ƙaya, da na ƙazuwa. Wannan sani zai ƙara wa fatarka daraja a kasuwar Bangi.

In ka zo wurin mai sana'a, ka yi sallama, ka ce: "Sannu da aiki, baba. Ni baƙo ne daga Nijar, ina son in gani." Kada ka tsaya masa a haske. Kada ka taya abin da ba ka da niyyar saye.

A babbar kasuwa da kara ta dabbobi, ka zama mai tambaya. Nawa buhun albasa? Nawa tiyar gero? Nawa ɗan akuya? Ka rubuta, in ka koma masauki ka mai da shi sefa. Manomin da ya san farashin gari biyu, dillali ba ya cutarsa da sauƙi.

Gidan tarihi

Akwai gidan tarihi mai sunan Waziri Junaidu. Waziri Junaidu babban malami ne kuma masanin tarihi, jinin Giɗaɗo da Nana Asma'u, ya rasu a shekarar 1997. A gidan an ajiye tsofaffin littattafai rubutun hannu, da wasiƙun sarakuna, da kayan yaƙi, da kayan sarauta. Ma'aikatar gwamnati ce, don haka ka je ranar aiki, da hantsi. Ka tambayi abin da ake biya tun a bakin ƙofa. In da abin biya, wannan wuri ya cancanci ka biya. Ka roƙi ma'aikaci ya nuna maka rubutun ajami. Ka dubi yadda tawada ta kwana shekara fiye da ɗari bisa takarda, mai rubutun ya tafi, maganarsa tana nan.

Inda kuɗɗi ke zurarewa

Guzurin baƙo ba a wuri guda yake ƙarewa ba, kaɗan-kaɗan yake tsiyaya. Ga ramukan da za ka toshe.

Kabu-kabu. Hubbare da fada da masallatai suna kusa da juna, ƙafa ta isa. Ka fita da sassafe, ka huta da azahar, ka sake fita bayan la'asar. In tilas ka hau babur ko keke mai ƙafa uku, ku yi ciniki kafin ka hau.

Ɗan rakiya na ƙarya. Wani zai ce shi ya san ko'ina, daga baya ya nemi lada mai yawa. Ka nemi yaron mai masaukinka ya raka ka, ka saya masa fura. In ka ɓace, ka tambayi dattijo a ƙofar masallaci ko mai shago. Matambayi ba ya ɓata.

Tsaraba. Ka bar sayenta sai ranar komowa, bayan ka ware kuɗɗin mota ka ɗaure su wuri dabam. Kuɗɗin komowa ba a taɓa su ko da mi.

Hoto. Kada ka ɗauki hoton soja ko ɗan sanda ko ofishin gwamnati. Kada ka ɗauki hoton mutum sai da izininsa. Hoto guda yana iya jawo maka asarar waya da yini.

Garuruwan kewaye. Kabarin Muhammadu Bello yana Wurno, inda ya rasu a shekarar 1837. Degel da Sifawa da Gudu da kufan Alƙalawa duk wuraren tarihi ne. Amma wasu hanyoyin ba su da lafiya. Kada ka fita birni sai mai masaukinka ya tabbatar maka. Rai ya fi ziyara.

Labari yana da baki biyu

Da yawanmu a nan Gobirawa ne. Kakanninmu suna da nasu labarin wannan yaƙi. Sun san Bawa Jan Gwarzo. Sun san yadda Gobirawa sunka sake kafa sarautarsu a Tsibiri, kusa da Maraɗi, bayan yaƙin Gawakuke na shekarar 1836. In kana Sakkwato za ka ji labarin daga bakin mutanen Shehu. Ka saurara da ladabi. Baƙo ba ya gardama a gidan mai masaukinsa. In ka komo, ka zauna da tsofaffin garinku ka ji nasu. Ka rubuta duka biyun. Jikokin waɗanda sunka yi yaƙin yau surukan juna ne, kasuwa ɗaya suke ci, sahu ɗaya suke salla.

Hausawa sun ce gani ya kori ji. In tafiya ta kama ka zuwa Sakkwato, ka ƙara yini guda bisa abin da ya kai ka. Kuma abin da ka koya a wanga darasi zai yi maka aiki a Damagaram da Agadas da Katsina da Kano. Kowane tsohon birni yana da fada da masallaci da ƙofofi da masu sana'a, kuma kowane yana da dattijon da zai ba ka labari in ka gaishe shi. Allah ya kai mu lafiya, ya komo da mu lafiya.

Tambayoyi

1. Wa ya gina birnin Sakkwato, kuma a wace shekara?
2. A ina anka haifi Shehu Usmanu? Wane babban gari ne ke kusa da wurin?
3. Mi ya sa darasin ya ce a bi hanyar Ƙonni?
4. Su wane ne ƴan taru? Mi ne ne aikin jaji?
5. Kawo wurare huɗu da za ka gani a Sakkwato ba tare da ka biya ba.
6. In an ce "ɗari" a kasuwar Bangi, tamma nawa ke nan? In an ce "ɗari" a kasuwar Sakkwato fa?

Lissafi

Waɗannan kuɗɗi misali ne kawai. Wani manomi ya tashi da jikka 25. Ya ware jikka 14 na mota, zuwa da komowa. Yana cin abincin jikka 1 kowace rana, har kwana 3. Ya ba da sadakar jikka 1. Jikka nawa sunka rage masa na tsaraba?

An haifi Shehu a 1754, ya rasu a 1817. Shekara nawa ke tsakani?

Aikin gida

Ka je wurin wani tsoho ko tsohuwa a garinku. Ka tambayi wa ya kafa garin, daga ina ya fito, kuma ina rijiyar farko take. Ka rubuta layi biyar, ka kawo aji a karanta.